Aikin Lebura a Kaduna: Wa Zai Tilasta Dokar Kare Rai a Wurin Gini?

Da an gama girbi, an kai dawa da gero rumbu, samari da yawa sai su ɗauki 'yar jaka su nufi birni ci-rani. Masu zuwa Kaduna ta hanyar Zariya sukan sauka a tashar Kawo. Daga nan sun shiga ɓangaren garin da ke arewa da kogin Kaduna ke nan. Doka ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. A cikin ƙaramar hukumar ake samun Kawo, da Malali, da Badarawa, da Unguwar Rimi, da Unguwar Sarki, da Unguwar Dosa, da sauransu.

Wanda ba shi da jari kuma ba shi da sana'ar hannu, aikin da ya fi saurin samu shi ne lebura a wurin gini. Ba a tambayarsa takarda. Ƙarfi kawai ake dubawa. Da sassafe zai tsaya a bakin titi da sheburinsa, ɗan kwangila ya zo ya nuna shi da yatsa, shi ke nan ya samu na yini.

Amma akwai abin da ba a faɗa wa sabon lebura. Aikin gini yana cikin ayyukan da suka fi kashe ma'aikata a duniya. A shekarar 2005 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ake kira ILO, ta ce aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini. Wato kusan kowane minti 10 sai an rasa mutum guda. Ta kuma ce a cikin kowane mutum shida da haɗari ya kashe a bakin aiki, ɗaya a wurin gini ya mutu.

Gini iri biyu a gari ɗaya

A shekarar 2019 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara babban aikin sabunta garin Kaduna. An faɗaɗa tituna, an gyara Dandalin Murtala, an rushe tsohuwar gadar Kawo an gina sabuwa. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi aikin gadar, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairu na 2022. Ayyuka irin waɗannan suna jawo leburori daga ƙauyuka masu nisa.

A wurin aikin babban kamfani akan ga shinge, da mai gadi a ƙofa, da alluna masu gargaɗi. Akan ga ma'aikata da hular kwano da riga mai ƙyalli. Sau da yawa akwai ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki sai duba lafiyar wurin.

To amma yawancin 'yan ci-rani ba a nan suke aiki ba. Suna aiki ne a ƙananan gine-gine na cikin unguwa. Wani yana ɗora bene a kan tsohon gidansa. Wani yana jera shaguna. Wani yana haƙa sokawe ko rijiya. A irin waɗannan wurare mai gida ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba birkila, birkila ya kira yara. Babu shinge, babu rajista, babu akwatin magani. Lebura yana hawa bene da silifas, da kwanon sarki cike da kankare a kansa. In wani abu ya faru, kowa sai ya ce ba shi ne ya ɗauke shi aiki ba.

A nan ne maganar tilasta doka take da wuya, kuma a nan ne aka fi bukatarta.

Abubuwan da ke ji wa lebura ciwo

Na farko shi ne faɗowa daga sama. Mutum ba sai ya hau bene mai hawa goma ba kafin ya karye. Faɗowa daga tsayin linta ma tana iya karya ƙashin baya, mutum ya ƙare rayuwarsa a kwance. Akasari abin da ke jawo haka shi ne dandamalin katako ko na gora da magina ke kafawa a jikin gini. Akan kafa shi da ruɓaɓɓen katako, da ƙusa ɗaya ko biyu, babu abin dafawa. Ƙa'ida ita ce a sa masa katangar kariya mai tsayin kamar mita ɗaya, a shimfiɗa katakon takawa ba tare da giɓi ba, kada kuma a tara masa bulo fiye da ƙarfinsa.

Tsani ma yana da ƙa'idarsa. In tsayin wurin da za a jingina shi ƙafa huɗu ne, gindinsa ya nisanci bango da ƙafa ɗaya. In ƙafa takwas ne, ƙafa biyu. Kansa kuma ya zarce wurin da za a sauka da kamar mita ɗaya, don mai hawa ya samu abin riƙewa. A ɗaure shi, ko wani ya riƙe shi a ƙasa.

Na biyu shi ne abin da ke faɗowa a kan mutum. Bulo, guduma, guntun rodi, duk suna iya suɓucewa daga sama. Amfanin hular kwano ke nan. Hular da ta taɓa shan mugun bugu kuwa a canza ta, ko da ba a ga tsagewa a jikinta ba.

Na uku shi ne rami. Masu haƙa harsashin gini da sokawe da rijiya sukan raina ƙasa. Alhali ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta fi tan guda nauyi. Wato ta fi buhun siminti 20. In gefen rami ya zabtaro wa mutum har ƙirji, ba zai iya numfashi ba. Don haka ramin da ya wuce ƙugun mutum a zurfi ana tokare gefensa da katako, ko a faɗaɗa bakinsa. Ƙasar da aka haƙo kuma kada a tara ta a bakin ramin. Ƙasar da ta sha ruwa ta fi saurin zabtarewa, ga shi kuma Kaduna gari ne mai ruwan sama da yawa. Tsohuwar sokawe ko rijiya mai zurfi tana tara iska mai guba wadda ido ba ya gani. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. In kuma ya sume a ciki, kada na waje ya afka masa babu shiri, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa.

Sai wutar lantarki. Rodi dogo ne, kuma yana ɗaukar wuta. Mai ɗaga rodi a saman dakin, in akwai babbar waya kusa, ba sai rodin ya taɓa ta ba, wutar tana iya tsallakowa.

Akwai kuma ciwon da ba ya zuwa rana ɗaya. Siminti jiƙaƙƙe yana cin fata kamar yadda toka mai kaifi ke yi. Wanda ya yini yana taka kwaɓi da ƙafa tsirara zai ga ƙafar ta tsattsage, wani lokaci har da gyambo. In siminti ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na kamar minti 20, sannan a tafi asibiti, kada a murza. Ƙurar siminti da ta yankan dutse da tayil tana taruwa a huhu, sai bayan shekaru mutum ya fara tari da haki, lokacin ya daɗe da komawa ƙauye. Ƙusa mai datti in ta soki ƙafa tana iya kawo cutar sarƙewar haƙora, wadda ake kira tsinkau-tsinkau. Allurar rigakafinta tana nan a asibiti, kuma ba ta da tsada kamar jinyar cutar.

Me ya sa leburori ke ƙin kayan kariya?

Masu kula da aiki sukan yi kukan cewa an ba yara hula sun ajiye, an ba su takalmi sun sayar. Wannan yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Amma kafin a zagi lebura, ya kamata a tambayi dalili.

Hular kwano tana da zafi a watan Maris da Afrilu. Mai ɗaukar kwanon sarki kuma ba zai iya ɗora shi a kan hular ba. In ana so ya sa hula, sai a ba shi baro, ko a kafa ƙugiya da igiya ta jawo kankare sama. Takalmin da ya yi wa mutum yawa ko kaɗan ya fi silifas haɗari a kan tsani. Safar hannun da ta jiƙe da siminti ta ciki ta fi hannu tsirara cin fata.

Babban dalili kuwa shi ne yadda ake biyan kuɗi. In an yi jinga da lebura a kan yawan bulon da ya ɗauka, ko yawan kwanon da ya hau da shi, to duk abin da zai rage masa sauri maƙiyinsa ne. Ranar zuba dakin ta fi kowace rana haɗari saboda haka. Ana so a gama kafin dare, injin kwaɓi yana ruri, helma yana ihu, yara suna gudu a kan katako mai santsi. Wasu har sukan sha ƙwaya irin su tiramadol wai don kada su gaji. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, tana kuma kawo jiri da farfaɗiya. Wanda ya sha ta bai kamata a bar shi ya hau sama ba.

Akwai kuma maganar da aka saba ji, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mai faɗin haka yana kulle ɗakinsa da kwaɗo in zai fita, yana kuma ɗaure akuyarsa da damina don kada ta shiga gonar wani. Katakon da ya ruɓe kowa yana ganinsa tun kafin ya karye.

Hukunci ba ya aiki in babu kaya

Tilasta doka a wurin gini yana farawa ne daga mai aikin. Ba daidai ba ne a ci lebura tara a kan hular da ba a ba shi ba. Ba daidai ba ne kuma a cire kuɗin hular daga ladansa na yini. Kayan kariya kayan aiki ne, kamar siminti da yashi, kuma a cikin kuɗin gini ya kamata a lissafa su.

Bayan an ba da kaya, sai bayani. A wuraren da ake yin abin kirki, foman yakan tara ma'aikata kowace safiya na minti biyar ko goma. Ya faɗi aikin da za a yi yau, da inda haɗarinsa yake, da harshen da kowa ke ji. Allon gargaɗi da aka rubuta da Turanci ba ya amfanar wanda jiya ya zo daga ƙauye. A rubuta da Hausa, a sa hoto. Sabon zuwa kuma a haɗa shi da tsohon hannu na 'yan kwanaki.

Sannan ne hukunci zai biyo baya, kuma hawa-hawa. Gargaɗi na farko da baki. In an sake, a sauko da mutum daga sama ya yi aikin ƙasa. In ya ƙi ji, a sallame shi. Sharaɗin dai dokar ta hau kan kowa. In injiniya ko mai gida ya shigo wurin da hular zanna da takalmi sau-ciki ya hau bene, to ranar dokar ta mutu, domin yara suna kallo.

Abu ɗaya da ke lalata komai shi ne tsoro. In lebura ya san cewa da ya ce dandamali yana rawa za a ce masa gobe kada ya zo, to shiru zai yi ya hau. Foman mai hankali yakan gode wa wanda ya nuna masa ɓaraka, a gaban kowa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Babbar dokar Nijeriya a kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke da sufetocin da ke duba ko ana bin ta. Dokar ta ce in haɗari ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole a kai wa sufeto rahoto a rubuce. Sai dai dokar ta fi mai da hankali a kan masana'antu, irin masaƙun da aka yi a Kakuri a kudancin kogi. Masana sun daɗe suna kukan cewa ba ta rufe wurin gini yadda ya kamata ba. Tarar da ke cikinta kuma da kuɗin 1987 aka rubuta ta, yau ba ta tsorata kowa. Sufetocin ma ba su da yawan da za su zagaya lungunan Malali da Badarawa.

A jihar Kaduna, hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini, tana kuma da ikon tsayar da ginin da ba shi da izini. Akwai majalisar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista, da CORBON mai yi wa ƙwararrun magina rajista. A 2006 kuma aka fito da Ƙa'idar Gini ta Ƙasa. Duk wannan ya shafi lebura, domin in gini ya rushe ana cikin aiki, shi ne a ƙarƙashinsa. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe. Fiye da mutum 40 suka mutu, akasarinsu ma'aikata, har da mai ginin. A watan Agusta na 2022 wani benen da ake ginawa a titin Beirut na Kano ya rufta ya danne mutane.

Lebura ba injiniya ba ne, amma yana da ido. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. In ya ga ana so a cire tokaran dakin bayan 'yan kwanaki kaɗan, ko ana ƙara yashi ana rage siminti, ko bango yana tsagewa, ko katako yana ƙara, to ya fita daga ƙarƙashi, ya kuma faɗa wa 'yan uwansa.

Diyya

Wannan ita ce maganar da ta fi shafar iyali a ƙauye. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata. Ita ce ta maye gurbin tsohuwar dokar diyya ta 1987. Hukumar NSITF ce ke gudanar da ita, kuma tana da ofis a Kaduna.

Ga yadda abin yake. Mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya kowane wata a cikin asusun hukumar. Shi zai biya daga aljihunsa. Doka ta hana shi cirewa daga ladan ma'aikaci. In ma'aikaci ya ji ciwo, ko ya nakasa, ko ya kamu da cutar da aikin ya jawo, ko ya mutu, daga wannan asusu za a biya. Dokar ba ta ware lebura ba. Ta ambaci mai aikin wucin gadi, da mai aikin yini, da ɗan koyo. Ta kuma haɗa da haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin masaukinsa da wurin aiki.

Wanda ya nakasa gaba ɗaya, ba zai sake iya aiki ba, doka ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin ɗari na abin da yake samu a wata. Haka ma matar da mijinta ya mutu a bakin aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye. Doka ta kuma ce duk yarjejeniyar da aka sa ma'aikaci ya yi ta yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da ƙarfi.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan mutanen ƙauye suka fi yin asara. Wanda ya ji ciwo, ko iyalinsa in ya rasu, dole su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi kuma mai aikin ya sanar da hukumar cikin kwana 7. In mutuwa ce, nan take. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya.

Gaskiyar magana, masu ƙananan gine-gine da yawa ba su yi rajista da hukumar ba. Abin da aka saba gani shi ne a sa mai rauni a mota a kai shi gida wajen mai ɗori, a danƙa wa mahaifinsa ɗan abin da ba zai kai wata ba, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Bayan wata uku, in ƙafa ta ƙi ɗoruwa, a nemi ɗan kwangila a rasa. Rashin rajistar mai aiki laifinsa ne, ba na lebura ba. Don haka iyali su kai kukansu ofishin NSITF ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago. Ma'aikatan gini suna kuma da ƙungiyarsu ta ƙasa a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, NLC, ana iya neman shawararta.

Sai dai kowane ofis shaida zai tambaya. Ga amfanin alƙalami da ɗan littafi a aljihu. Lebura ya rubuta sunan wanda ya ɗauke shi, da unguwa da titin da ginin yake, da ranar da ya fara, da abin da aka yi jinga. In akwai littafin ma'aikata a wurin, ya tabbata sunansa yana ciki. Ya rubuta sunayen abokan aiki biyu da garuruwansu, domin 'yan ci-rani da ruwa ya sauka watsewa suke yi. Wanda bai iya rubutu ba tukuna, ya sa ɗan garinsu ya rubuta masa.

In haɗari ya auku, a fara da asibiti. A cikin Doka akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Garin Kaduna kuma yana da Asibitin Ido na Ƙasa, ga wanda siminti ko tartsatsin walda ya taɓa wa ido. Karaya mai tsanani akan tura ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a ɗora a kan babur. A kwantar da shi a kan faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi tare. Katin asibiti, da takardar likita, da rasidin magani, duk a haɗa su a leda guda a ba wani babba ya adana, domin su za a nema ranar da aka je neman diyya.